Tambayoyin da na gaji da amsawa kan tsaron mata a wajen shaƙatawa

Na daɗe ina kula da ma'aikata a wani wajen shan shisha da kiɗa a Barnawa, Kaduna, kuma duk sabon bonsa (mai tsaron ƙofa) ko weita da aka kawo min tambayoyinsu ɗaya ne, har kwastomomi ma. To ga amsa nan gaba ɗaya, don Allah kar a sake tare ni a bakin get.

Wai da gaske ana zuba wa mata ƙwaya a lemo?

Da gaske ne. Roci ko rafanol, wato Rohypnol, da ire-irenta. Wata tana sa abin sha ya yi shuɗi-shuɗi, amma a cikin Coke da duhun kulob wa zai gani? A buɗe kwalba a gaban mai ita, in ta tashi rawa ta dawo a canza mata wata. Shi ke nan.

To ai ita ta kawo kanta, me ya fito da ita ƙarfe ɗayan dare?

Malam, kai da ka tambaya me ya fito da kai? An ɗauke ka gadi ne ba wa'azi ba. Wadda ba ta cikin hayyacinta ba ta yarda da komai ba, ko da ita ta sayi kwalbar.

Mun sa kyamara, bai isa ba?

Kyamarar da ke kallon akwatin kuɗi kawai? Sa fitila da kyamara a hanyar bayi da wajen fakin motoci, nan ne ake abin.

Wani ya riƙo yarinya tana tangaɗi zai sa ta a mota, ya ce budurwarsa ce ko matarsa. In hana shi?

Nan ne wuyar take, kuma ba zan ce maka ga doka ɗaya ba. Sau da yawa gaskiya yake faɗa, saurayinta ne, kuma in ka yi masa tsawa a gaban mutane faɗa ne zai tashi, wataƙila ma ɗan wani ne gobe a kore ka. Amma shi ma wanda ya zuba mata ƙwayar abin da zai ce ke nan. Ni dai abin da nake sa yarana su yi, kar ka yi gardama da shi, ka ce oga yi haƙuri tsarin gidan ne, bari ta zauna ta sha ruwa minti goma. Ka kira ma'aikaciya mace ta ja ta gefe ta tambaye ta sunanta, sunansa, da wa ta zo, ina za ta. In ta amsa daram ta ce ta san shi, to ba ka da hurumin tsare ta, ka dai rubuta lambar motar a gabansa ya gani. In kuwa ko sunanta ba ta iya faɗa, ba ta fita da shi, a nemo ƙawayen da suka zo tare ko a kira wani nata, in numfashinta ya yi ƙasa ko ba ta farkawa a kwantar da ita kan gefen jikinta a kira lambar gaggawa ta 112 ko a wuce asibiti. Za ka iya kuskure, eh, za ka ɓata wa mai gaskiya rai wata rana. Amma na lura mai gaskiya yakan zauna ya jira yana ƙunƙuni, wanda ya fara zazzare ido yana sauri shi nake tsoro, ko da yake wannan ma ba hujja ba ce.

In abin ya riga ya faru fa?

Ƙanwata, ba laifinki ba ne, kuma ba a makara ba. In za ki iya, kar ki yi wanka ko wanke kayan, ki je Salama Centre, cibiyar kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe, akwai a asibitin Gwamna Awan da ke Kakuri da na Yusuf Dantsoho a Tudun Wada. Maganin kariya daga HIV sai cikin awa 72 ake fara shi, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki ma gara da wuri. Ki gaya musu kina zargin ƙwaya, don ba ta daɗewa a fitsari.

Ana ma hukunta su kuwa?

Doka tana nan. Gyaran dokar jihar Kaduna da El-Rufai ya sa wa hannu a 2020 ya ce hukuncin fyaɗe dandaƙa da ɗaurin rai da rai, in yarinyar ba ta kai 14 ba dandaƙa da kisa. Amma kotu shaida take so, don haka masu wuraren shaƙatawa ku daina goge faifan kyamara don gudun ɓacin suna.