Waiwaye: Yadda Sharar Cikin Jirgi Ta Shiga Aikin Matuƙa

Tsakanin saukar fasinja na ƙarshe daga jirgin sama da shigar waɗanda za su maye gurbinsa akwai 'yan mintuna da dole wani ya bi layin kujeru yana kwashe kofuna da ledoji da tsofaffin jaridu, yana daidaita ɗamarar kujeru, yana goge abin da aka zubar. A yawancin manyan kamfanonin jirage wannan aiki na kamfanonin hidimar jirgi a ƙasa ne, irin su NAHCO da SAHCO a Najeriya, waɗanda ma'aikatansu ke hawowa da kayan aikinsu da zarar jirgi ya tsaya. Amma a waɗansu kamfanoni masu sayar da tikiti da rahusa, musamman a Amurka da Kanada, an daɗe ana sa ran ma'aikatan cikin jirgi su yi aikin da kansu, har ma matuƙi ya fito daga ɗakin tuƙi ya sa safar hannu ya taya su. Gardamar da ake yi a kan dacewar hakan ta ta'allaƙa ne a kan wanda ke da iko da lokacin matuƙi idan jirgi yana ƙasa, da kuma wanda zai biya kuɗin wannan lokaci.

A farkon sufurin fasinja ta sama ba wanda zai yi wannan tambaya, domin kowa yana yin kowane aiki. A ƙarshen shekarun 1920 mataimakin matuƙi ne yake barin kujerarsa ya raba wa fasinjoji abinci, ya kula da wanda jiri ya kama. A shekarar 1930 Ellen Church, wadda ma'aikaciyar jinya ce kuma tana da lasisin tuƙin jirgi, ta shawo kan kamfanin Boeing Air Transport ya ɗauki mata takwas masu aikin jinya su riƙa kula da fasinjoji a hanyar da ta haɗa gaɓar California da Chicago. Ban da kula da fasinja, an ɗora musu shara da goge-goge, da ɗaukar kaya, da duba ko kujeru sun ɗauru da kyau, wani lokaci har da taya tura jirgi zuwa rumfarsa. Tun daga ranar sharar cikin jirgi ta fara barin hannun matuƙa.

Shekara guda bayan haka, a 1931, David Behncke da waɗansu abokan aikinsa suka kafa ƙungiyar matuƙan jiragen sama ta ALPA a Chicago. A 1934 hukumar sasanta rikicin ƙwadago ta Amurka ta fitar da tsarin biyan matuƙa wanda ya dogara da awannin da suka yi suna tuƙi da nisan tafiya, tare da ƙayyade awa 85 a wata. Ya kamata a riƙe wannan batu, domin shi ne tushen rigimar: har yau a Arewacin Amurka agogon albashin matuƙi yakan fara ne idan jirgi ya bar wurin ɗaukar fasinja, ya tsaya idan ya isa masauki, abin da aka yi a ƙasa kuwa ana ɗaukarsa tamkar yana cikin wancan kuɗin. A shekaru arba'in da suka biyo baya gwamnati ce ke yanke kuɗin tikiti da raba hanyoyi, babu gasar farashi, jirgi yana iya yin awa guda ko fiye a ƙasa ba wanda ya damu, kowane aiki kuma da masu shi.

A jihar Texas aka fara warware wannan tsari. Kamfanin Southwest Airlines ya fara tashi a watan Yunin 1971 tsakanin Dallas da Houston da San Antonio, bayan shekaru yana shari'a da manyan kamfanonin da ba su so ya fara ba. Kuɗi suka ƙare, a 1972 ya sayar da ɗaya daga cikin jiragensa huɗu ƙirar Boeing 737, amma shugabanninsa suka ƙi rage yawan tashi. Bill Franklin, wanda ke kula da ayyukan ƙasa, ya ga cewa jirage uku za su iya aikin huɗu idan kowanne ya sauke fasinja, ya ɗauki waɗansu, ya juya cikin minti 10. Ba yadda za a yi haka idan ana jiran masu shara su hawo, saboda haka ma'aikatan cikin jirgi suka riƙa tattara shara tun kafin sauka, matuƙa kuma suka riƙa taya kwashe abin da ya rage, wani lokaci har da loda kaya. Kamfanin ya ci ribarsa ta farko a 1973, ya kuma ƙirƙiro tsarin raba riba da ma'aikata.

Abubuwa biyu sukan ɓace idan ana ba da wannan labari a azuzuwan koyon kasuwanci. Na farko, matuƙan da suka ɗauki buhun shara a lokacin sun san cewa idan jirgin bai juya a kan lokaci ba kamfanin zai rufe su rasa aiki, kuma idan ya juya suna da kaso a ribar. Na biyu, tafiyar gajeriya ce a cikin jiha ɗaya, fasinjoji ba su da yawa, ba a raba abinci sai gyaɗa da abin sha, kuma babu binciken tsaro irin na yanzu. Southwest bai kasance kamfanin da ya ƙi ƙungiyoyin ƙwadago ba, matuƙansa sun kafa tasu tun 1978. Abin da ya bambanta shi shi ne yarjejeniyoyinsa ba su tsaurara iyaka tsakanin aikin wannan da na wancan ba. Yau manyan jiragensa na ɗaukar mutum 175, minti 10 kuma ya zama tarihi.

Da Shugaba Jimmy Carter ya sa hannu a dokar sakar wa kamfanonin jirage mara a 1978, sababbin kamfanoni suka yi ta ɓullowa. People Express, wanda Donald Burr ya jagoranta daga Newark a 1981, ya kai abin ƙarshe: kowane ma'aikaci dole ya sayi hannun jari, matuƙa kuma ana kiransu manajoji, suna yin aikin ofis irin su tsara jadawali a ranakun da ba su tashi. Kamfanin ya girma da sauri fiye da ƙarfinsa, bashi ya danne shi, aka haɗe shi da Continental a 1987.

A Turai abin ya ɗauki wata fuska. Michael O'Leary ya je ya ga yadda Southwest ke aiki a farkon shekarun 1990, ya dawo ya mai da Ryanair na ƙasar Ireland, inda yake aiki, kamfanin da ke juya jirgi cikin minti 25. Sai dai a can nauyin gyara cikin jirgi a kan ma'aikatan ɗakin fasinja ya faɗa, kamfanin kuma ya rage sharar ne tun daga tushe, ta hanyar cire aljihun bayan kujera, da manna takardar bayanin kariya a jikin kujera, da sa kujeru masu fatar da goga ɗaya ya ishe ta. A cikin minti 25 matuƙi ba shi da rarar lokacin da zai ba wani.

Inda al'adar ta yi saiwa sosai shi ne kamfanoni biyu da mutum ɗaya ya haɗa. David Neeleman ya yi ɗan zama a Southwest bayan kamfanin ya sayi Morris Air, inda Neeleman yake shugabanci, a 1993, ya taimaka wajen kafa WestJet da ya fara tashi daga Calgary ta Kanada a 1996, sannan ya kafa JetBlue da ya fara aiki a New York a shekarar 2000. A WestJet da JetBlue an mai da taya shara alamar cewa babu babba babu ƙarami: kyaftin yana yi, manyan ofis suna yi, Neeleman da kansa yakan shiga jirgi ya raba kayan maƙulashe ya taya gyara. Har ma'aikacin da ya hau jirgin a matsayin fasinja da tikitin rangwame ana sa ran ya tsaya ya taya kafin ya fita. Masu goyon baya sukan ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kuma ma'aikaciyar da kyaftin ya taya ta kwashe shara za ta fi samun ƙarfin halin gaya masa idan ta ga wani abu da bai yi daidai ba a jikin jirgi. Wannan hujja ba abar rainawa ba ce, domin koyar da ma'aikatan jirgi su riƙa magana da juna ba tare da tsoron muƙami ba yana cikin manyan darussan da harkar ta koya daga haɗurra.

Masu adawa suna da tasu hujjar, kuma a ganin wannan marubuci ta fi nauyi idan lokaci ya ƙure. Mintunan da fasinja ke zaton matuƙi yana hutawa su ne mintunan da ɗaya yake zagaya jirgi a ƙasa yana duba tayoyi da fikafikai da injuna, ɗayan yana karanta bayanin yanayi, yana tabbatar da yawan mai, yana shigar da hanya cikin kwamfutar jirgi, sannan su biyun su lissafa nauyi da gudun da ake buƙata don tashi. A watan Maris na 2009 wani jirgin Emirates ƙirar Airbus A340 ya goga wutsiya a titin tashi na Melbourne, ya sha da ƙyar da mutum 275 a ciki, saboda an shigar da nauyin tan 262.9 maimakon 362.9. Masu bincike na Ostareliya sun ambaci yawan katse hankalin matuƙan yayin shiri. Lamarin ba shi da alaƙa da shara, amma ya nuna tsadar kuskuren lamba ɗaya a waɗannan mintuna. Akwai kuma batun rauni, domin ana tsintar allura da fasasshen gilashi a aljihun kujeru, matuƙin da ya ji ciwo a hannu kuwa ba shi da madadi a ƙaramin filin jirgi.

Gajiya ta ƙara wa wannan ɓangare ƙarfi. Bayan faɗuwar jirgin Colgan Air kusa da Buffalo a Fabrairun 2009, inda mutum 50 suka rasu, hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da sababbin ƙa'idojin hutu da suka fara aiki a Janairun 2014. Ƙa'idojin sun wajabta hutun awa 10 kafin fara aiki, sun kuma bayyana duk abin da kamfani ya wajabta wa matuƙi a matsayin aiki. Dokar ba ta hana shara ba, amma ta sa kalmar "sa kai" ta zama abar lura: idan umarni ne to aiki ne, idan kuwa ganin dama ne to ba za a hukunta wanda ya ƙi ba.

A daidai wannan lokaci kamfanonin da suka yi suna da zaman iyali ɗaya suka girma har ma'aikata suka daina sanin juna. Matuƙan JetBlue suka zaɓi shiga ALPA a 2014, suka sami yarjejeniyarsu ta farko a 2018. Na WestJet suka bi sahu a 2017, a ƙarshen shekarar kuma Ryanair ya amince da ƙungiyoyin matuƙa bayan ya soke dubban tashi. A farkon 2019 ƙungiyar ma'aikatan cikin jirgi na WestJet ta kai ƙara ga hukumomin ƙwadago na Kanada, tana cewa sa ma'aikatan da ba sa bakin aiki su share jirgi aiki ne ba biya. A shekarar ce kamfanin zuba jari na Onex ya saye WestJet ya fitar da shi daga kasuwar hannun jari, abin da ya raunana tsohuwar hujjar cewa mai sharar jirginsa yake sharewa.

Annobar korona ta 2020 ta mai da tsaftar jirgi aikin masu feshin magani da aka horar, ko da yake kafin ƙarshen shekarar Southwest ya rage goge-gogen tsakanin tashi don ya dawo da saurin juyawa. Bayan annobar gardamar ta koma kan kuɗi kai tsaye, kuma ma'aikatan cikin jirgi ne a gaba. Delta ya fara biyansu rabin kuɗin awa na lokacin shigar fasinja a Yunin 2022, American Airlines ya sa irin wannan a yarjejeniyar 2024, a watan Agustan 2025 kuma ma'aikatan Air Canada kimanin 10,000 suka tsayar da jiragen kamfanin na 'yan kwanaki, suka bijire wa umarnin komawa aiki, har sai da aka amince za a riƙa biyan wani kaso na aikin da suke yi kafin jirgi ya motsa.