Cire Kan Injin Mota

Cire kan inji aiki ne na kanikanci da ake raba sashen da ya rufe saman silindodi da gangar injin, wato bulok, domin a sauya gasket, wato faifan da ke toshe tsakaninsu don kada iska, ruwa ko mai su tsiyaya, ko a gyara bawul, ko a kai ga fistin. Kan inji, wanda makanikai da yawa a Najeriya suke kira tof silinda, shi ne rufin ɗakin da mai yake ƙonewa a ciki. A jikinsa bawul ɗin shigar iska da na fitar hayaƙi suke, tare da fulogi a injin fetur ko nozul a injin dizal, kuma a yawancin motocin zamani kamshaf, wato sandar da ke buɗe bawul, ma a kansa yake kwance. Akwai hanyoyin ruwan sanyaya inji da na baƙin mai da suka ratsa cikinsa suka haɗu da na bulok. Injin da silindodinsa suke jere a layi ɗaya kai ɗaya gare shi, amma V6 da V8 da injin kwance irin na Subaru kawuna biyu ne.

Asali da dalilan cirewa

Injunan farko da dama an zuba silinda da kanta a dunƙule ne, ta yadda ba a iya raba su. Motar Ford Model T da ta fito a Amurka a 1908 tana daga cikin waɗanda suka yaɗa kan inji mai ɗaurewa da noti, kuma a irinta aikin ba shi da wuya, domin bawul ɗin a cikin bulok suke, kan kuwa faifan ƙarfen zubi ne mai ramukan fulogi da hanyar ruwa. Da aka mayar da bawul sama, daga baya kamshaf ya bi su, sannan aka koma yin kan da alminiyam, sai aikin ya zama mai buƙatar tsari da awo.

Babban abin da yake sa a buɗe kan inji shi ne ƙonewar gasket, kuma galibi zafin da ya wuce kima ne yake jawo ta. Alminiyam yana buɗewa da zafi kusan ninki biyu na ƙarfen zubi, don haka idan injin mai kan alminiyam da bulok na ƙarfe ya tafasa, kan yakan lanƙwashe ya saki gasket a wani wuri. Alamomin sun haɗa da farin hayaƙi mai kauri daga salansa, da raguwar ruwa ba tare da an ga inda yake zuba ba, da kumfa a lagireto yayin da inji yake aiki, da baƙin mai da ya koma launin shayi da madara. Kafin a taɓa sufana ana auna matsin kowace silinda, kuma ana gwada ruwan lagireto don a gano ko iskar ƙonewa tana shiga cikinsa, domin matsalar da ba ta wuce famfon ruwa ko murfin lagireto ba tana iya kama da ta gasket. Sauran dalilan su ne ƙonewar bawul, da tsagewar kan, da tsinkewar bel ɗin tamin, wanda yake daidaita motsin bawul da na fistin, a injin da bawul da fistin suke shiga fili ɗaya a lokuta daban-daban, inda fistin yakan doki bawul ya lanƙwasa su.

Shirye-shirye

Sharaɗi na farko shi ne inji ya huce sarai, abin da yake ɗaukar awoyi da dama, kuma mafi aminci a bar shi ya kwana, saboda kan alminiyam da aka sassauta wa noti da ɗuminsa yana iya karkacewa yayin da yake sanyi. Daga nan ana cire wayar batir ta gefen nagetif, a sauke matsin fetur daga bututunsa, a tsiyaye ruwan lagireto da na bulok. Idan aka bar ruwa a bulok, da zarar an ɗaga kan zai kwarara cikin silindodi da ramukan noti. Ruwan sanyaya inji na kanti yana ɗauke da sinadari mai zaƙi kuma mai guba, don haka ana tare shi a mazubi, ba a barin sa a ƙasa inda yara ko dabbobi za su kai gare shi.

Sannan ana kwance duk abin da yake maƙale da kan: tiyoyin ruwa, da wayoyi da soket-soket na na'urori, da bututun mai, da manifol, wato bututu masu rassa, na iska da na hayaƙi, da murfin sama. Notocin manifol na hayaƙi su ne suka fi karyewa saboda tsatsa da zafin da suka sha, shi ya sa ake jiƙa su da man sassauta tsatsa tun da wuri.

Kafin a sauke bel ko sarƙar tamin, ana juya karanshaf, wato sandar da fistin suke juyawa, da hannu har fistin na ɗaya ya kai ƙololuwa a zagayen matsi, alamomin da ke jikin fule da giyar kamshaf su yi daidai da na inji. Daga wannan lokaci ba a juya karanshaf ko kamshaf shi kaɗai. A injin da kamshaf ɗinsa yake cikin bulok kuwa, sandunan da ke tura bawul ake zarewa, kuma kowanne dole ya koma raminsa na asali, domin ya riga ya ci daidai da abokin gugarsa. Makanikai sukan huda kwali su soke su a jere, su rubuta wanda yake gaba.

Kwance notocin kai

Nan ne aikin ya fi lalacewa a hannun mai gaggawa. Notocin kan inji, waɗanda sukan kasance 10 a injin silinda huɗu, suna danne da kan da ƙarfi mai yawan gaske, kuma idan aka zare ɗaya gaba ɗaya alhali na kusa da shi suna ɗaure, nauyin yakan taru a wuri ɗaya ya murɗe ƙarfen. Saboda haka ana sassauta su ne da akasin tsarin da aka ɗaure su, wato a fara da na bakin gefe biyu ana tsallakawa daga wannan kusurwa zuwa waccan, a ƙare da na tsakiya, kuma a zagaye biyu ko uku, kowane noti a ba shi kamar rubu'in juyi a zagayen farko. A injuna da dama sai an ɗaga kamshaf kafin a ga notocin, kuma murafan da suke riƙe da shi su ma da tsari ake kwance su, don kada matsin sifirin ɗin bawul ya karya shi. Wasu kawunan suna da ƙananan notoci a ɓoye ta wajen murfin tamin, kuma mantawa da ɗaya daga cikinsu ya isa ya tsaga kan idan aka yi ƙoƙarin ɗagawa da ƙarfi.

Idan gasket ya manne, ana bubbuga gefen kan da gudumar roba, ko a ɗan tura shi ta wuraren da masana'anta ta tanada. Cusa sukuddireba ko cizal tsakanin kai da bulok kuskure ne babba, domin ƙarzar da ba ta kai kaurin farce ba tana iya zama hanyar da ruwa ko iska za su riƙa bi. Bayan an ɗaga, ana ajiye kan a kan katako, ba a kife fuskarsa a ƙasa ba, saboda wasu bawul suna buɗe kuma sun leƙo waje.

Injuna masu hannun silinda, wato bututun ƙarfen da fistin yake zirga-zirga a cikinsa, da ake zarewa, wanda ruwa yake taɓa bayansa kai tsaye, suna da ƙa'ida ta daban. Fijo 504, wadda aka taɓa harhaɗawa a Kaduna, irin wannan inji gare ta. Idan aka ɗaga kanta sama kai tsaye, gasket yana iya janyo hannun silinda ya motsa shi daga mazauninsa, abin da zai sa ruwa ya riƙa sauka cikin baƙin mai. Don haka ana girgiza kan ne gefe da gefe har ya saki, sannan a danne hannuwan silinda da maɗauri kafin a yarda a juya karanshaf.

Dubawa da mayarwa

Tsohon gasket shaida ne, kuma bai kamata a yar da shi kafin a karanta shi ba. Inda ya ƙone tsakanin silindodi biyu, ko inda tsatsa ta ci gefen hanyar ruwa, yana nuna abin da ya faru, haka ma fistin da ya fi sauran tsabta yana nuna cewa ruwa ya daɗe yana shiga wannan silinda. Ramukan da tsatsa ta ci a fuskar alminiyam sun fi yawa a injunan da aka daɗe ana zuba wa ruwan rijiya ko na famfo zalla.

Bayan an kankare fuskar kan da ta bulok ba tare da an ƙarje su ba, ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfen awo a tsaye da a kwance da kuma kusurwa zuwa kusurwa, ana zura siraran faifan awo a ƙarƙashinsa. A injunan Toyota da dama iyakar karkatar da aka yarda da ita milimita 0.05 ce. Idan ta wuce iyaka ana kai kan wurin masu injin wasa ƙarfe, amma wasar ma tana da iyaka, domin kowane shafi da aka ɗebe yana rage girman ɗakin ƙonewa, ya ƙara matsi, ya kuma matso da bawul kusa da fistin. Tsaga kuwa, musamman tsakanin mazaunin bawul biyu, sau da yawa ido ba ya ganin ta sai an matsa iska ko ruwa a cikin kan.

Ramukan noti da ke bulok dole a tsane su, domin mai ko ruwan da ya rage a ƙasan rami ba ya matsuwa, kuma notin da aka ɗaure a kansa yana iya fasa bulok. Ba a mayar da tsohon gasket. Injunan zamani da yawa suna amfani da notocin da aka ƙera don su ɗan miƙe lokacin ɗauri, waɗanda ko dai a sauya su, ko a auna su a tabbatar ba su wuce iyaka ba. Ana ɗaurewa daga tsakiya zuwa gefe da sufanar da ke auna ƙarfin ɗauri, sannan a ƙara juyi na wani adadin digiri. A injin 1ZZ-FE na Toyota Corolla, misali, ana kai kowane noti niyuton-mita 49, sannan a ƙara masa digiri 90. A wasu injunan dizal, irin su 1.9 TDI na Volkswagen, gasket yana zuwa da kauri iri uku da ake ganewa ta yawan hudar da ke gefensa, kuma ana zaɓar wanda ya dace ne bayan an auna yadda fistin ya ɗara fuskar bulok idan ya kai ƙololuwa.