Kamun ƙafa da kuɗin duwan: wa ke sa a tsare kasuwa?

A Tawa in aka ce wane ya tafi kamun ƙafa, kowa ya gane: yana nema wa ɗansa aiki ne, ko yana son fili, sai ya bi ta hannun wanda ake jin maganarsa. Wannan kalmar ce masu labarai suka ara suka ɗora wa abin da Turawa ke kira lobi. Sai dai a can sana'a ce mai ofis da albashi. A Washinton akwai titin K, wanda ya yi suna da ofisoshin masu wannan aiki, kuma wata doka ta 1995 ta tilasta musu yin rajista da bayyana wanda suke yi wa aiki. Kamfani ne ke biyansu su shawo kan 'yan majalisa da ministoci.

Babban abin da suke nema shi ne kariyar kasuwa, wato gwamnati ta tare kayan waje don na gida su samu shiga: ta ƙara kuɗin duwan, ko ta ƙayyade yawan abin da zai shigo, ko ta hana shi ɗungurungum.

To me ya sa gwamnati ke yarda, alhali masu saye sun fi masu ƙerawa yawa nesa ba kusa ba? Lissafin ba wuya. A ce an ƙara dala goma ta sefa a kan kilon sukari. Mai shayi a bakin tasha zai yi tsaki, ya rage cokali ɗaya, shi ke nan. Ba zai hau mota zuwa Yamai don dala goma ba. Amma mai masana'antar sukari, wannan dala goma in ta taru miliyoyi ne a aljihunsa. Shi ya san minista, yana da lauya, yana da ƙungiya. Asarar ta watsu a kan jama'a kaɗan-kaɗan, ribar kuwa ta taru a hannun 'yan tsiraru, su ne kuma ke da dalilin tashi tsaye.

Nan gudummawar yaƙin neman zaɓe ke shigowa. Ba wanda ke cewa "ga kuɗi, sa mini haraji". Ana bayarwa ne don ranar da aka buga waya a ɗauka, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. A Amurka, hukuncin Kotun Ƙoli na 2010 ya buɗe wa kamfanoni ƙofar kashe kuɗi ba iyaka a tallan zaɓe, muddin ba hannu da hannu suka miƙa wa ɗan takara ba. Sukarin nasu ma misali ne: shekara da shekaru ana ƙayyade shigowarsa, Ba'amurke na sayensa da tsada fiye da farashin duniya, masu gonakin rake na Florida kuwa suna ba jam'iyyun biyu gudummawa, duk wanda ya ci nasu ne.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na 1930. Dokar Smoot-Hawley, ta ƙarin kuɗin duwan a Amurka, ta fara ne da niyyar taimakon manoma, amma kafin ta fito daga majalisa kowace masana'anta ta cusa nata, har ta shafi kaya sama da 20,000. Masana tattalin arziki fiye da 1,000 suka roƙi Shugaba Hoover kada ya sa hannu. Ya sa, wasu ƙasashe suka rama. A 2002 Shugaba Bush ya ɗora wa ƙarfen waje haraji har kashi 30 cikin ɗari, ya janye a Disamban 2003 bayan Turai ta yi barazanar ramawa a kan lemun Florida, jihar da yake matuƙar bukatar ƙuri'unta.

Ban ce duk kariya cuta ce ba. Masana'anta irin ta simintin Malbaza tana ciyar da gidaje, kuma ƙasar da ba ta ƙera komai ba ta da bakin magana. Manomin albasar Galmi ma yana da haƙƙin ƙungiyarsa ta je ta yi magana da hukuma. Shi ma kamun ƙafa ne, kuma halal. Damuwar ita ce ƙafar wa ake kamawa, da me, kuma ko a fili ake yi.

Mu nan mun ɗanɗana kariyar wasu. Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa a Agustan 2019, tana cewa don dakatar da sumogal ɗin shinkafa, ba ta buɗe ba sai Disamban 2020. Ƙungiyoyin manoman shinkafa na can suka yi ta yabon matakin. A Kwanni kuwa manyan motoci suka yi layi, kayan gona na lalacewa a kansu, kuma direbobin da 'yan dakon ba su da kowa a Abuja.