Ƙura, ruwa da baƙin mai: tambayoyin masu babur a Kaduna

Akasarin baburan da ake sauke wa inji a garejin Panteka ko na bakin titin Rigasa ba tsufa ne ya kwantar da su ba. Ƙurar hunturu ce, da ruwan damina, da tsumulmular baƙin mai. Ga tambayoyin da masu Boxer da TVS da Jincheng da roba-roba suka fi yi, da amsoshinsu.

Bayan kwana nawa ya kamata in juye baƙin mai?

Ba da kwana ake lissafi ba, da tafiya ake yi. Waɗannan baburan ba su da lagireto. Iska da baƙin mai ne kaɗai ke sanyaya injinsu. Man da ke ciki kuma bai wuce lita ɗaya ba, kuma shi ne ke yi wa fistin da giya da kuloci hidima gaba ɗaya. Shi ya sa yake saurin gajiya fiye da na mota.

A yanayin garin nan, tsakanin kilomita 1,500 zuwa 2,000 ya isa. Mai haya da ke cin kilomita ɗari a wuni zai kai wannan cikin mako biyu zuwa uku. Ma'aikacin da iyakarsa daga Barnawa zuwa ofis ya dawo, kada ya bar mai ya haura wata uku ko da bai cika lissafin ba, don gajeriyar tafiya tana tara danshi a cikin inji. Sabon babur, ko wanda aka sa wa sabon ringi, a juye na farko a wajen kilomita 500, saboda garin ƙarfen da sababbin kaya ke zubarwa. Idan mitarka ta mutu, kamar ta yawancin mutane, rubuta ranar juyi a jikin kwalin da ke ƙarƙashin kujera.

Wajen juyin ma akwai ƙa'ida. A tada injin ya yi minti uku don man ya saki jiki, a kafe babur a kan babban jak, a kwance notin ƙasa, a bar shi ya tsane na akalla minti biyar. Inda akwai 'yar ragar tace mai, a ciro ta a wanke. Kada a yarda yaron gareji ya zuba fetur ko kananzir a ciki wai don wanke inji. Abin da ya rage yana tsinka sabon man. Kuma kada a ɗaure notin da ƙarfin tsiya, domin jikin injin alminiyam ne, haƙoran ramin ba su da wuyar cinyewa, daga nan sai yoyo. Bayan an zuba, a duba sandan awo: tsakanin alama biyu ake so. Mai da ya yi yawa shi ma matsala ne, yana kumfa yana kuma tura kansa ta wajen roba.

Wane mai zan saya? Na mota zai yi?

Abin da yawancin baburan nan ke so shi ne 20W-50, wanda aka rubuta 4T a jikinsa, kuma in da hali mai alamar JASO MA. Dalili shi ne farantan kuloci a cikin mai suke iyo. Wasu mayukan mota na zamani an sa musu sinadarin ƙara santsi, sai ka ga kana murɗa totur inji na ihu amma babur ba ya ja, musamman in ka ɗauki mutum kana hawan gadar Kawo.

Man da ake aunawa a kwalba a gefen hanya kuwa, caca ne. Ba ka san ko sabo ne ko tsohon da aka tace ba. Ratar kuɗin da ke tsakaninsa da na leda ko galan mai hatimi ba ta kai kuɗin ringi da gasket da aikin bakanike ba.

Mai Jincheng AX100 nasa daban ne. Injinsa da gangan yake ƙona mai, don haka yana da ƙaramin tankin 2T, wato man da yake ƙonawa tare da fetur, a gefe, ban da man giya. Idan wannan tankin ya ƙafe ko famfonsa ya daina turawa, fistin zai kama a tsakiyar tafiya ba sallama.

Babur ɗina ya fara hayaƙi. Ringi ne?

Duba launin tukuna. Baƙin hayaƙi mai warin fetur, fetur ne ya yi wa iska yawa: ko matacin iska ya toshe, ko an manta cok a sama, ko kafireta na ambaliya. Wannan ba ya bukatar a buɗe inji. Farin tururi da sassafe wanda ke ɗaukewa bayan minti biyu, danshi ne a salansa, ba komai. Shuɗin hayaƙi ne ke nuna baƙin mai na shiga inda ake ƙona fetur. In da safe kaɗai yake yi sai ya daina, galibi robar bawul ce ta bushe. In kuwa yana ƙaruwa duk lokacin da ka ba shi wuta, ga mai na raguwa, ga kik ya yi laushi a ƙafa, to ringi ne.

Kafin a sa sabon ringi, a sa yatsa a shafa cikin bulok. Idan akwai gurzawa ko 'yar gaɓa a sama, ringi kaɗai ba zai yi wata uku ba. Sai an gyara bulok ɗin an sa fistin da ya dace da shi. Sannan a tambayi abin da ya cinye na farkon, in ba haka ba za a dawo gidan jiya.

To me ke cinye shi?

Ƙura, mafi yawa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da inji ke shaƙa cike take da hazo, balle a unguwannin da kwalta ba ta kai ciki ba, inda jar ƙasa ke tashi kamar gari. Ƙurar nan in ta haɗu da mai sai ta zama tamkar sanfefa tsakanin ringi da bulok. Abin da ke tsare ta soso ne guda a cikin akwatin gefe, wanda mutane da yawa ba su taɓa buɗewa ba tun da suka sayi babur.

In na soso ne, a ciro a wanke da kananzir, a matse shi a tafin hannu. Kada a murɗe shi kamar wanki, yagewa yake. A bar shi ya bushe, a ɗiɗɗiga masa baƙin mai sabo kamar cokali ɗaya, a mulmula ya game ko'ina, a sake matsewa har sai ba ya ɗiga. Man nan shi ke kama ƙura. Busasshen soso rabin aiki yake yi. In na takarda ne ba a wanke shi kuma ba a sa masa mai, kakkaɓewa ake yi, in ya yi baƙi a sauya. Da hunturu a duba shi duk mako biyu, mai haya kuma duk mako.

Akwai masu cire shi gaba ɗaya wai babur ya fi numfashi. Ƙara ce kawai ke ƙaruwa. A kuma duba robar da ta haɗa akwatin da kafireta: idan ta tsage, ƙura ta bayan gida take shiga, duk tsabtar soson banza ce.

Da sanyin safiya sai na yi ta buga kik kafin ya tashi.

Fetur ba ya saurin zama tururi a inji mai sanyi, aikin cok ke nan. Buɗe makunnin mai, ɗaga cok, kada ka taɓa totur, ka buga. In ya tashi, ba shi rabin minti ka mayar da cok, ka bar shi a silo minti ɗaya ko biyu. Zuga shi da wuta da zarar ya tashi ta'adi ne, domin mai bai riga ya hau kan inji ba.

In duk da haka yana gardama, ciro fulogi. Ruwan ƙasa-ƙasa kamar gyaɗa soyayya shi ne lafiya. Baƙi mai kunkunniya, fetur ya yi yawa. Jiƙaƙƙe da maiƙo, baƙin mai ne. Fari fat, inji na ɗaukar zafi. Tazarar bakinsa wajen milimita 0.7 ce. Fulogi lafiya amma har yanzu shiru, a sa bakanike ya auna tafet, wato tazarar bawul, da inji a sanyaye. Da filar awo, ba da kunne ba. Bawul ɗin da aka matse da yawa ba ya rufewa sosai, kuma injin da ba ka jin ƙarar tafet ɗinsa ko kaɗan ba lallai ne ya zama mai lafiya ba.

Na ratsa ruwa a watan Agusta, ya mutu a tsakiya. Me ya kamata a yi?

Kada ka buga kik, kada ka danna sitata. Idan ruwa ya shiga kan fistin, ba ya matsuwa kamar iska, sandan da ke riƙe da fistin ne zai lanƙwashe. Tura shi zuwa tudu. Cire fulogi, kashe makulli, sannan ka buga kik sau goma ko fiye ruwan ya fito ta ramin. Kwance ɗan sukurun da ke gindin kafireta ya zubar da abin da ke ciki. Buɗe akwatin iska, matse soson. Goge hular fulogi ta bushe. Sai ka ciro sandan awo: in mai ya koma kamar shayi da madara, ruwa ya gauraya da shi, a juye a ranar, a sake juyewa bayan gajeriyar tafiya.

Ruwan da ya kai tsakiyar taya ko bakin salansa, ba na shiga ba ne, mai gudu kuwa ko bai kai haka ba, don ba ka ganin inda kwata ta buɗe baki. Wanda ya zama dole, a giya ɗaya ake ratsa shi da wuta daidai, ba a sakin totur. Da ka fito, birkin daram ba ya kamawa sai ya bushe. Ɗan taka shi kana tafiya a hankali na wasu mitoci kafin ka shiga cunkoso. Yashin da ruwa ke tarawa a bakin shataletale ma ya fi ruwan kansa kayar da mutane. Kada ka kama birkin gaba a kansa alhali babur ya karkata.

Sarƙa tana ƙara, tana kuma yawan saki.

A tsakiyarta ta ƙasa, ya kamata ta yi wasan sama da ƙasa na santimita biyu zuwa uku, kamar faɗin yatsu biyu. Juya tayar ka nemo inda ta fi ɗaurewa, a nan ake aunawa. Ɗaurin da ya wuce kima yana cin boris na giya, wanda gyaransa sai an raba inji biyu. Wajen ja, alamomin hagu da dama su zo daidai, in ba haka ba tayar baya ta karkace. A wanke da kananzir da tsohon buroshi, a sa man giya mai lamba 90 duk kilomita 500, da damina kuma fiye da haka. Giris mai kauri yashi yake tarawa. Murfin sarƙar da matasa ke cirewa don gayu, shi ke ninka mata kwana.

Idan haƙoran siforoket sun yi tsini sun karkata kamar ƙaya, a sauya su da sarƙar lokaci guda. Yanke gaɓa ɗaya dabarar kai wa ƙarshen wata ce kawai. Kuma ɗan makullin sarƙa, rufaffen kansa ne ke kallon inda sarƙar ke tafiya.

Tun da aka cire tallafin mai a 2023 nake neman yadda zai rage sha. In sa a matse kafireta?

Fara da aunawa. Cika tanki, rubuta mita, yi tafiyarka, sake cikawa, raba kilomita da litar da ka zuba. Sannan ka bi abubuwan da ba sa cin kuɗi: iskar taya, birkin da ke riƙewa (kafe babur ka juya tayar da hannu, ta juya sakayau), soson iska, busasshiyar sarƙa, da ɗigon fetur a ƙarƙashin kafireta in an kwana. Yawanci ɓarnar a nan take.

Matse kafireta fiye da ƙa'ida yana rage sha kaɗan, amma injin zai riƙa zafi, fulogi ya yi fari, bawul ya ƙone. Fetur ɗin 'yan bumburutu kuma, in ya zama dole, a tace shi da ƙyalle mai tsabta, a sa ƙaramin matacin mai a jikin tiyo.

Iska nawa ake sa wa taya?

Ga Boxer da ire-irensa, wajen 25 a gaba, 28 a baya, 32 in za a yi goyo ko kaya, a ma'aunin masu faci. A auna da safe kafin taya ta yi zafi, kuma da geji, ba da matsa babban yatsa ba. Ƙarancin iska na sa tif ya tsage a gindin bawul. Yawanta kuma na rage kamun ƙasa, babur ya riƙa tsalle a kan gargada. Wajen sayen sabuwa, nemi lambobi huɗu a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Wadda aka rubuta wa 1522 an yi ta a mako na 15 na 2022. Tayar da ta daɗe a shago tana shan rana takan yi tauri ta tsattsage tun zanenta bai taɓa kwalta ba.

Zan je Zariya in dawo. Me zan duba?

Tafiyar zuwa kaɗai kusan kilomita 80 ce, ba ta fi ƙarfin lafiyayyen babur ba, muddin ba a ƙure masa totur tun daga Kawo har Kwangila ba. Duba mai, iska, sarƙa da birki biyu. Girgiza kowace taya gefe da gefe. In tana wasa, boris ya tafi. Ɗauki fulogi na ajiya da sifanarsa, kebul ɗin kuloci, da makullin sarƙa. Hular kwano a ɗaure igiyarta a haɓa, ba a rataye ta a madubi sai an hango jami'an KASTLEA ko na kiyaye haɗura ba. In tirela ta taho, rage wuta ka matsa gefe ka riƙe kan da kyau, domin iskar da take turowa tana iya ture ƙaramin babur daga layinsa.