Daga Ache zuwa Maraɗi: waiwaye kan kuɗin agajin tsunami

Tun da manyan ƙasashe masu ba da agaji suka fara tsuke bakin aljihu a 2025, muhawara ta ƙi ci ta ƙi cinyewa. Wasu na cewa agaji haƙƙi ne a wuyan gwamnatoci, wasu kuma na cewa a bar wa jama'a, tausayin mutane zai cike giɓin. Masu magana ta biyu kusan hujjarsu ɗaya ce: a tuna tsunamin 2004, lokacin da talakawan duniya suka yi kyautar da ba a taɓa ganin irinta ba. Gaskiya ne sun yi. Sai dai wanda ya bi sawun kuɗin nan zai tarar cewa ciwon da ake kuka da shi yau, wato kuɗin agaji ya kasa isa inda buƙata ta fi tsanani, ya riga ya nuna kansa tun a wancan lokaci, alhali kuɗi na zuba kamar ruwan Agusta.

Farkon labarin kowa ya san shi. Ranar 26 ga Disamba 2004 girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 9.1 ta auku a ƙarƙashin teku kusa da tsibirin Sumatara. Igiyar ruwa ta bi gaɓar Tekun Indiya ta hallaka mutum kimanin 230,000 a ƙasashe 14, daga Indunusiya da Sirilanka da Indiya da Tailan har Somaliya. Lardin Ache, wanda ake wa kirari da zauren Makka, shi kaɗai ya rasa fiye da 160,000. Masu shekaru za su tuna hoton farin masallacin nan na bakin teku, tsaye shi kaɗai, unguwar da ke kewaye da shi ta koma fili. Lokacin hutun Kirsimeti ne, 'yan yawon buɗe ido na wurin da kyamarorinsu, ƙasar Suwidin kaɗai ta rasa fiye da mutum 500. Gani ya kori ji. A Birtaniya haɗakar ƙungiyoyin agaji ta tara kimanin fam miliyan 390 daga hannun jama'a. Gwamnatoci ma suka yi ta ƙara alƙawari kusan kullum, har zuwa taron Jakarta na 6 ga Janairu 2005, inda Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 977. Daga ƙarshe abin da aka bayar ko aka alƙawarta ya kai dala biliyan 13.5, kimanin biliyan 5.5 daga jama'a.

Abin da ba a cika tunawa ba ya faru ne a makon farko na Janairun. Ƙungiyar likitocin agaji ta MSF ta fito ta ce a daina aiko mata da kuɗi da sunan tsunami. Ta tara kimanin Yuro miliyan 40 cikin kwanaki, kuma likitocinta da ke Ache da Sirilanka sun auna aikin da za su iya yi, sun ga kuɗin ya wadatar. Bala'in ya bar gawawwaki da rusassun gidaje fiye da yadda ya bar masu jinya, aikin da ya rage na magina ne da hukumomi. Ƙungiyar ta ce mai son taimakawa ya bayar ba tare da ya ɗaura wa kuɗinsa igiya ba, a kai shi duk inda buƙata ta fi tsanani.

Maganar ba ta yi wa mutane da yawa daɗi ba. An ji tsoron ta kashe wa masu bayarwa gwiwa. Jama'a kuwa ba su fasa ba, abin da ya shigo wa ƙungiyar sai da ya kai kimanin Yuro miliyan 110, kuma a shekarar farko bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba abin da ta kashe a yankin tsunami. Nan ne ta yi abin da nake ganin ya cancanci a daɗe ana nazarinsa. Kuɗin da mutum ya ce a kai wuri kaza amana ne, ɗan aike ba ya sauya masa hanya da ra'ayin kansa. Sai ta koma wa masu kuɗin, da wasiƙa da waya, tana tambaya: ka yarda a kai gudummawarka wani wurin, ko a mayar maka? Ƙalilan ne ƙwarai suka ce a mayar. Ashe mafi yawan masu bayarwa ceton rai suke nufi, sunan wurin ya biyo baya ne kawai saboda shi suka gani a talabijin.

Ɗaya daga wuraren da kuɗin ya nufa ba baƙo ba ne a gare mu. A daminar 2004 fari da farin dango sun haɗu a Nijar. Tun watan Nuwamba, kafin tsunami, aka yi shelar cewa hatsi zai yi ƙaranci. A Mayun 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta nemi dala miliyan 16 kacal, makonni suka shuɗe shiru. Mutum sama da miliyan 3 ne abincinsu ya gaza. Farashin gero ya yi tashin gwauron zabo a kasuwannin Maraɗi da Damagaram da Tawa, makiyaya na sayar da dabba a wulaƙance don su auno tiya, mata na shiga daji neman anza da ganyen jiga. Anza sai an jiƙa ta kwanaki ana sauya ruwa kafin ɗacinta ya ragu a iya ci. Sai a watan Yuli, da hotunan yaran Maraɗi suka bayyana a gidajen talabijin na waje, agaji ya fara kwarara, lokacin da rumbuna suka daɗe da ƙarewa.

Likitocin da ke da kuɗi maras igiya ba su jira kyamara ba. Uwa ta zo da ɗanta a goye, a auna nauyinsa, a zagaya damtsensa da madaurin awo. In bai galabaita ba, a ba ta ƙullin abincin gyaɗa mai madara da sukari na mako guda ta koma gida ta kula da sauran yara da gona, ta dawo ranar awo. Wanda ya ƙi cin abinci ko zazzaɓi ya kama shi ne kaɗai ake kwantarwa. Da wannan tsari MSF ta yi jinyar yara fiye da 60,000 masu tsananin tamowa a Nijar a shekarar.

Ba wanda ke yi wa mutanen Ache ƙyashin abin da suka samu. An gina musu gidaje kimanin 140,000, kuma bala'in ya taimaka wajen kawo sulhun Helsinki na Agustan 2005 tsakanin gwamnatin Indunusiya da 'yan tawayen Ache bayan yaƙin kusan shekara 30. Amma babban binciken da aka fitar a 2006 ya nuna kowane mutum da tsunami ta shafa an tara masa fiye da dala 7,000, wanda ambaliyar Bangaladash ta shafa a shekarar 2004 ɗin kuwa kimanin dala 3. Kuɗin da aka ɗaure a wuri guda dole a kashe shi a wurin, ko da buƙatar ta biya. Shi ya sa aka ga rigunan sanyi jibge a ƙasashe masu zafi, da magunguna masu rubutu da harsunan da ma'aikatan asibiti ba sa ji, da jiragen kamun kifi da masunta suka ƙi shiga teku da su.

An ɗan ɗauki darasi. A Disambar 2005 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da kafa asusun ko-ta-kwana na CERF, ya fara aiki a Maris 2006 da burin dala miliyan 450 a shekara, ana ware har kashi ɗaya cikin uku don bala'o'in da aka manta da su. A taron agaji na duniya da aka yi a Istanbul a 2016 aka sake alƙawarin rage ɗaura wa kuɗi sharaɗi, da miƙa kashi 25 cikin ɗari ga ƙungiyoyin cikin gida kafin 2020. Wa'adin ya wuce ba a cika ba. A shekarar 2016 ɗin kuma aka ɗaga burin asusun zuwa dala biliyan 1, adadin da har yau bai taɓa samu a shekara guda ba. Wannan asusu na cikin 'yan ƙofofin da Sudan da Chadi da sauran ƙasashen Sahel ke ƙwanƙwasawa duk shekarar da hatsi ya yanke kafin kaka, ba kyamara a kusa.