Jiya an ce ƙwai na toshe jijiya, yau an ce a ci: maganar wa za a kama?

Duk mai bibiyar labaran lafiya a waya ya san wannan ɗaurin kai. Wannan likita ya ce a guji kitse, wancan ya ce sukari ne abokin gaba, na uku ya ce a daina karin kumallo gaba ɗaya. Har mutum ya gaji ya ce, "Ai ko ka ci ko ba ka ci ba, mutuwa za ka yi."

Da gaske masana na sauya baki, ko mu ne ba mu fahimta?

Suna sauyawa, ƙwai ma shaida ne. A 1968 ƙungiyar kula da lafiyar zuciya ta Amurka ta ba da shawarar kada mutum ya wuce gwaiduwa uku a mako, saboda kolestarol ɗin da ke cikinta, wato wani nau'in maiƙo da ke iya toshe jijiya idan ya yi yawa a jini. Daga baya aka gane cewa mafi yawan kolestarol na jini jiki ne ke haɗa abinsa, musamman hanta, kuma a wurin yawancin mutane wanda aka ci a abinci ba ya ɗaga shi sosai. A 2015 jagoran abinci na gwamnatin Amurka ya cire iyakar cin kolestarol ta miligiram 300 a rana.

Na man shanu ya fi ciwo. Shekara da shekaru ana ce wa mutane su bar shi su koma majarin, alhali majarin ɗin wancan zamani da man tsirrai da aka daskarar a masana'anta ake yinsa, cike da kitsen da ake kira tirans, wanda ya fi na man shanu illa ga zuciya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Denmark ce ta fara taka wa kitsen tirans birki da doka a 2003, a 2018 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta nemi a kawar da shi daga abinci baki ɗaya.

Me ya sa binciken abinci ke yawan tuntuɓe haka?

Domin ba a iya kulle mutum dubu goma a gida shekara ashirin ana auna musu kowace loma. Galibi tambayar mutane ake yi me suka ci, sannan a jira a ga wa ya kamu da me. Gwada da kanka: me ka ci ranar Talatar makon jiya da rana, kuma cokali nawa? Ga kuma cakuɗuwar ɗabi'u. A 1991 hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sa kofi cikin abubuwan da ake zargi da sankarar mafitsara, a 2016 ta cire shi. Ɗaya daga cikin abin da ya rikita lissafin farko shi ne, da yawa daga mashaya kofin mashaya sigari ne.

Akwai kuma hannun kuɗi. A 2016 aka bankaɗo takardun da suka nuna cewa masu masana'antar sukari a Amurka sun biya wasu masana na jami'ar Harvard, suka rubuta nazarin da ya fito a 1967 yana sassauta laifin sukari yana ɗora wa kitse.

Sauran ruɗun kuma daga kanun labarai yake. A 2015 da aka ce cin giram 50 na sarrafaffen nama irin su sosej kullum na ƙara haɗarin sankarar hanji da kashi 18 cikin 100, wasu sun ɗauka mutum 18 cikin 100 ne za su kamu. Abin da ake nufi, inda da kusan mutum 5 cikin 100 ne za su kamu a tsawon rayuwa, sai su zama kusan 6. Haɗari ne na gaske, amma bai kai ihun da aka yi ba.

To akwai abin da ba su saɓa a kansa ba?

Akwai, kuma ya daɗe bai motsa ba, shi ya sa ba ya zama labari. Gishiri ƙasa da giram 5 a rana, wato bai cika cokalin shayi ɗaya ba. Kayan lambu da 'ya'yan itace aƙalla giram 400. Hatsin da ba a cire masa dusa ba, da dangin wake. Motsa jiki minti 150 zuwa sama a mako. Rigimar duk a kan abinci ɗaiɗai ne take, ƙwai ko kofi ko man shanu.

Idan na ce komai zan ci daidai gwargwado, bai wadatar ba?

A nan gizo ke saƙar. Ban taɓa haɗuwa da wanda ya ce shi yana wuce gona da iri ba. Kowa nasa mudun shi ne daidai. Kalli mai haɗa shayi da safe: ya zuba cokali biyu, ya juya, ya ɗanɗana, ya ɗan yamutsa fuska, ya ƙara na uku a cike har yana tozo. Da ka tambaye shi zai ce ai shi ba mai son zaƙi ba ne. Da rana ya kora abinci da lemon gwangwani mai mililita 330, wanda irin na kola ke ɗauke da sukari wajen giram 35, kusan cokali tara. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa cewa ta yi sukarin da ake ƙarawa kada ya kai kashi 10 cikin 100 na kuzarin abincin yini, wajen cokali 12 ga babba, in so samu ne ma a tsaya a 6. Kafin la'asar mutuminmu ya cinye kasonsa bai sani ba.

Gishiri ya fi iya ɓuya, don yana cikin burodi da abincin gwangwani da sinadarin ɗanɗano tun kafin a kai hannu ga na barbaɗawa. A ganina "gwargwado" ba ta da amfani sai an haɗa ta da ma'auni. Sigari kuwa ba ta da gwargwado ko kaɗan.

Wannan ƙoƙarin yana hana ciwon suga da gaske?

An gwada. A wani babban gwaji a Amurka da aka fitar da sakamakonsa a 2002, an ɗauki mutum sama da 3,000 da sugansu ya fara hawa amma bai kai ciwo ba. Waɗanda aka sa su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu su kuma yi tafiyar sauri minti 150 a mako, kamuwarsu ta ragu da kashi 58 cikin 100. Masu shan ƙwayar maganin suga ta metformin, da kashi 31. Ga mai kilo 90, maganar kilo 6 da ɗoriya ake yi.

Gado dai na nan da tasirinsa, siriri ma na kamuwa. Hawan jini kuma sau da yawa ba ya sallama, sai an ɗaura abin awo a dantse ake ganinsa.

Gobe in na ga sabon bidiyo yana cewa wani abinci na warkar da komai fa?

Duba ko a jikin mutane aka yi binciken ko a ɓeraye, mutum nawa, na tsawon wane lokaci, sannan ko mai maganar na da garin magani ko kwalbar da yake sayarwa a ƙarshe. Wanda ke shan maganin suga ko na hawan jini kada ya ajiye shi saboda bidiyo. Mai ciwon ƙoda kuwa lissafinsa daban ne: ayaba da gishirin fotasiyam da ake yaba wa mai hawan jini na iya cutar da shi, don haka likitansa zai tambaya kafin ya sauya komai.