Waiwaye: Kifin da ke aljihun kowa a Maradi

Ciro dala ashirin daga aljihunka ka juya ta. Wannan zanen mai haƙora gefe da gefe, mai kama da matsefi, kifi ne. Tambarin BCEAO ke nan, babban bankin da ke buga kuɗin sefa na Afirka ta Yamma, mai hedikwata a Dakar, kuma yana kan jika da sauran takardun sefa. An ɗauko shi daga ma'aunin tagulla da 'yan ƙabilar Akan na Gana da Kodebuwa ke auna garin zinariya da shi, mai siffar kifi mai zarto.

Mu da muka saba da tarwaɗa da karfasar tafkin Madarumfa sai mu ɗauka almara ce. Da gaske akwai shi, babbansa kan kai kusan mita 7. Da gani ka ce shak ne, kifin teku mai farauta, amma bakinsa da kafofin numfashinsa a ƙarƙashin ciki suke, don haka dangin kunamar ruwa ta kogin Binuwai ne. Iri biyar ne a duniya, biyu a gaɓar Afirka ta Yamma. A tsibiran Bijagos na Gine Bisau, samari kan ɗaura siffar zartonsa a ka wajen rawar al'ada.

Zarton nan da yake sarar ƙananan kifaye da shi, shi ya zame masa ajali. Da ragar nailan ta yaɗu daga shekarun 1960, sai ya zamana ko ba shi aka fita nema ba, haƙoransa sun sarƙe, masunci kuwa ba zai yanka ragarsa saboda kifi ba. Sannan fatake suka shigo neman fiffike, ana busarwa a kai Hon Kon don miyar masu hannu da shuni. Itatuwan bakin teku da 'ya'yansa ke fakewa a ciki aka sare su, wasu ma aka ƙyafe kifi da su. Ga shi haihuwa yake yi, 'yan kaɗan, bayan shekaru.

Sai 2007 CITES, yarjejeniyar duniya kan cinikin dabbobi da tsirran daji, ta hana cinikinsa tsakanin ƙasashe, ban da iri ɗaya, a 2013 ta haɗa da irin da ya rage. Ai an makara. Yau duka biyar suna cikin jerin masu fuskantar ƙarewa na IUCN, ƙungiyar kare halittu ta duniya, kuma inda suka ɗan saura da yawa sai Fulorida ta Amurka da arewacin Ostireliya. Matashin masunci a Senegal, kamar mai shayi a Maradi, galibi a jikin kuɗi ya san shi.